Tsutsotsi Talatin da Ɗaya a Lemon Dzarma

Jiddari Polo,
Maiduguri.
22 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga ƙanwata Jannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Jona da yara. Yaya Kalaba, yaya ruwan nan naku da ba ya ɗaukewa? Yaya ƙafar Jona? Ina fata ya rage taurin kai yana shan maganinsa a kan lokaci. Ubangiji ya ƙara masa sauƙi, ya kuma ba 'yarki Zion nasara a jarrabawar da ke gabanta. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ruwa ya fara ja da baya, sauro ne dai ya ƙi bin sa. Kawu Pindar yana ta haƙuri da rashin matarsa, ya rame amma yana cin abinci. 'Yar'uwarmu Salomi za ta taso wajenku ranar Laraba, shi ya sa na zauna na rubuta miki da hannuna, domin maganar nan ba ta waya ba ce, balle dandalin iyali inda kowa ke tsoma baki. Ki karanta ke kaɗai, in kin gama ki tura ta ƙasan akwati.

Na san ƙaninmu Dzarma ya riga ni zuwa kunnenki. Na san ya ce miki Yaya Phebe ta tsufa, zaman ritaya ya dame ta, tana gaba da shi a kan ciyawa. To bari ki ji labarin ciyawar. Kin san shekara tara ke nan, tun ina koyarwa, nake ƙirga malam-buɗe-littafi a filin bayan gidan Mama. Daga saukar ruwan farko har ƙarshen Oktoba, kowace Asabar, ƙarfe tara zuwa goma na safe, ba ƙari ba ragi. Hanya ɗaya nake bi, daga ƙofar baya zuwa gindin lemon tsami, in bi katanga har magarya, in juyo ta wajen tumfafiya da tafasa. Tafiyar hawainiya nake yi, kuma wanda ya gifta kusa da ni kaɗai nake rubutawa, wanda na hango daga nesa ba ya shiga littafi. In rubuta ko akwai rana, ko hadari, ko iska. Idan aka canza hanya ko lokaci, ba yadda za a gwada bana da bara, aikin ya koma yawon banza. Na yi ƙirgar nan da zazzaɓi a jikina, na yi ta ranar da ake ɗaurin aure a cocinmu na isa an kusa tashi. Littafi tara ne cif har da na bana, kuma da ruwan ambaliya ya shigo bara, littattafan nan na fara ɗorawa can saman kabad kafin in tuna da takardun fanshona.

Mutane sukan ce ai duk malam-buɗe-littafi ne, kamar a ce duk wanda ke cikin kasuwa sunansa ɗaya. Iri ashirin da uku na rubuta a ɗan filin nan, kuma ni da Mama muka raɗa musu suna. Akwai ɗan tumfafiya, mai ruwan goro da baƙin gefe, wanda ke tafiya a hankali don ya san ba tsuntsun da zai taɓa shi. Akwai farin tafasa da ke zuwa da gayya cikin Agusta har in kasa ƙirgawa. Akwai ɗan ƙaramin shuɗi na magarya, bai fi farcen yatsa ba, sai na durƙusa nake gane shi. Sai babbansu, baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, da jan tabo kamar ido a ƙasan fiffike. Shi Mama ke kira mai lafaya, wai yana shigowa fili yana kaɗa mayafi kamar matar Barebari za ta gidan biki. A kan ganyen lemo kaɗai yake saka ƙwai a gidanmu. In ba lemo, ba mai lafaya.

Kin tuna yadda ruwa ya kwana biyar a bayan gida, da yadda Mama ta rasu mako uku bayansa. Lemon da ta dasa da hannunta ya bushe ƙayau, haka na maƙwabta. Da aka yanke shi na hana a tone kututturen, na riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke duk tsawon bazara, har ya yi toho. Damina ta sauka, ɗan tumfafiya ya zo, fari ya zo, kowa ya zo, ban da mai lafaya. Yuni babu, Yuli babu. Asabar tara a jere ina ja masa layi a gurbinsa. Sai ranar tara ga Agusta, ƙarfe tara da kwata, mai lafaya ta shigo ta saman katangar Ya Bintu maƙwabciyarmu, mace ce, ta zagaya tohon sau biyu, ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai ɗaya ɗan mitsitsi a kan sabon ganye. Jannatu, na tsaya da biro a hannu ina kuka kamar yarinya. Tun da muka rufe Mama ban yi farin ciki irin na ranar ba.

Ta ci gaba da zuwa har ƙarshen wata. Tsutsarta in tana ƙarama ba ki bambanta ta da kashin tsuntsu, sai ta girma ta koma koriya shar, in kin taɓa ta ta fito da wasu ƙahoni biyu masu wari. Na farkon sun girma sun rataye jikin reshe sun rufe kansu, su goma sha huɗu, ana jiran su fashe su tashi. Ƙananan da suka biyo baya kuwa ƙadangaru suka sa musu ido, sai na kwashe talatin da ɗaya na zuba a babbar roba, na rufe da tsohon gidan sauro na shigar da su ɗaki. Ana cikin haka Dzarma ya zo maganar taron tunawa da Mama na huɗu ga Oktoba, ya ce a filin baya za a kafa rumfuna, dole a share. Na kama hannunsa na kai shi gindin lemo, na nuna masa su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen Satumba, ni da kaina zan sa a nome da fartanya, kada dai a kawo magani wurin nan. Ya yi dariya, ya ce to Yaya, ya ji. Kada ya ce miki bai sani ba, yatsansa ma ya taɓa ɗaya daga cikinsu.

Ranar Talata biyu ga wata na tafi Biu gaisuwar matar Kawu Pindar, ta hanyar Damaturu. Na zaɓi Talata ne don in dawo Juma'a kada Asabar ta wuce ni. Na bar wa Ya Bintu robar da ganyen da na yanka na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Da na dawo, tun daga ƙofar gida wari ya tare ni. Ashe washegarin tafiyata Dzarma ya kawo masu feshi biyu da famfon goyo, suka haɗa maganin ciyawa da fiya-fiya na kashe ƙwari suka bi filin lungu-lungu. Ya Bintu ta ce ta leƙo ta katanga ta yi musu magana, ta ce malama ba za ta so ba, shi kuwa ya ce mata gidan ubansa ne. Tafasa ta kwanta, tumfafiya ta yi laushi, tohon lemo ya fara rawaya. Goma sha huɗun nan duk sun yi baƙi a inda suke rataye. A gindin katanga na tsinci fukafukai birjik tururuwa na ja, har da mai lafaya ɗaya babba, ban sani ba ko uwar ce.

Ban ko ajiye jaka ba na hau Keke Napep sai Moduganari, unguwar Dzarma. Na same shi yana ba lemonsa ruwa. Ya ce wai ya ga ciyawa ta yi yawa, kada maciji ya sari baƙo ranar taro a ce 'ya'yan Mama ba su iya gyara gida ba. Ya ce ya zaɓi lokacin da ba na nan ne don kada warin ya dame ni. Kin ji rainin hankali. Da na ce masa ya kashe mini aikin damina guda, sai ya dube ni ya ce, “Yaya, littattafan nan naki wa zai karanta su? Ƙwari ne fa.” Matarsa Praise tana tsaye a bakin kicin, ta sunkuyar da kai. Wannan yaron da na goya har bayana ya yi kanta, wanda na wanke wa kashi, shi ne ke faɗa mini haka yana riƙe da bokiti. Na tsaya ina kallon lemon nasa, guda takwas, masu aure, irin da aka haɗa wa reshe, waɗanda ya sa aka kawo masa tun daga Binuwai, ba wanda ya wuce ƙugu, ganye luf-luf. Ba baƙon da zai shiga gidan ya fita bai kai shi ya gan su ba.

Washegari Asabar na bi hanyata kamar kullum, awa guda cikin mushen ciyawa, na rubuta sifili. A shekara tara ban taɓa rubuta sifili cikin Satumba ba. Na koma ɗaki na tarar ganyen roba ya ƙare, talatin da ɗayan nan suna ɗaga kai suna laluben iska, ga lemon gida ya zama guba. Zan faɗa miki gaskiya tunda ke ce. Ya Bintu ta ce ƙanin mijinta Ba Umara yana da lemo a Tsohon Maiduguri, ruwa bai taɓa shi ba, za ta sa a riƙa kawo mini ganye duk bayan kwana biyu. Hanya ce mai sauƙi, kuma na gan ta sarai. Na yi mata godiya na ce na riga na samu wani wuri. Abin da ke raina shi ne, wanda ya ƙone musu abinci, to su je su ci nasa.

Ranar Lahadi bayan sujada na jera tsutsotsin a kular abinci, na huda murfin, na naɗe da ɗankwali kamar mai kai wa mara lafiya fate. Na san Dzarma yana tsayawa taron dattawa har azahar. Na je na gaida Praise, na ce na zo ne kada ta ɗauka fushina ya shafe ta. Baiwar Allah har ta ji daɗi, ta shiga dafa mini shayi. Na ce bari in zagaya baya in wanke hannu. Na bi bishiyoyin nan ina ɗora hurhuɗu a ƙarƙashin ganye, ta ƙarshe ta samu uku. A lokacin suna kamar kashin tsuntsu, ko ya gani ba zai kula ba. Na dawo na sha shayi kofi biyu, har na yaba mata labule. Ba zan ɓoye miki ba, ban ji ko ɗigon nadama ba, a hanyar gida ma waƙar zumuntar mata ta coci nake yi a cikin Keke.

Sau biyu na koma da sunan shirin taro, a tattauna yawan shinkafa da kujeru. Kowane zuwa sai in leƙa baya. Sun yi kore, sun yi ƙiba kamar yatsana, suna ci ba ji ba gani. Ganye ya koma jijiya, reshe ya koma tsinke. Da na ga bishiya ta uku tsirara, sai na koma ciki na ci gaba da maganar kujeru. Ranar Alhamis da ta wuce sai ga wayarsa. Ya ce wata annoba ta faɗa wa lemonsa, bakwai sun tafi saura ɗaya, tunda ni ce na san ƙwari in faɗa masa maganin da zai saya. Yau kuma ni ce na san ƙwari. Na ce kada ya kuskura ya fesa komai, magani zai ƙone ɗanyen reshe, zan zo da kaina in tsince su da hannu. Ya ce yaushe, na ce Asabar. Ya yi ta godiya har da cewa Allah ya bar zumunci.

Nan ne na yi abin da ke hana ni cin abinci. Ranar Juma'a ba ni da aikin komai, ina zaune a gida. Ya Bintu, da na roƙa bayan wayarsa, ta riga ta sa an kawo ganye daga Tsohon Maiduguri, roba na wanke tana jira. Da na tashi na tafi, da yanzu suna ɗakina sun rataye kansu, saura kwana goma su tashi. Amma na ce a raina saura bishiya ɗaya, a bar su su gama da ita, ya tsaya ya ga takwas ɗin duka kamar yadda na tsaya na ga filina. Asabar kuma da gari ya waye na shirya tun bakwai, har na ɗauki kula, sai na dubi agogo. In na tafi Moduganari ba zan dawo kafin tara ba. Na ajiye kular, na jira, na bi hanyata a filin da na san ba komai a cikinsa, na rubuta farin tafasa guda ɗaya da ya ɓato hanya. Sha ɗaya saura na isa gidansa. Warin nan dai shi ya tare ni a ƙofa.

Ya fito da fara'a yana goge hannu. Ya ce ya jira har tara da rabi, da ya ga ta takwas ma za ta tafi sai ya ari famfo wajen maƙwabci, kuma dama bai ji daɗin a ce babbar yayarsa ta zo tana tsintar tsutsa a rana ba. Na wuce shi na zagaya baya. Suna zube a ƙasa, wasu sun miƙe, wasu na murɗawa da ƙahoninsu a waje. Na durƙusa na shiga tsincewa ina zubawa a kula, kuma kin san hannuna, ba ya ɗaukar abu bai ƙirga ba. Dzarma ya shiga ciki amsa waya, Praise ta zo da tsintsiya ta tsaya a kaina. Na kai talatin. Ta ce shi ke nan Yaya, ki tashi rana ta yi zafi, sun ƙare. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Saura ɗaya” ba. Tsintsiyar ta tsaya. Ta dubi kular, ta dube ni, ta sake duban kular, wadda ta gani a hannuna ranar da ta dafa mini shayi. Ta ajiye tsintsiya ta durƙusa kusa da ni, muka yi ta ɗaga busasshen ganye tare, har ta gano ta a bayan bulo. Ta ɗauko da yatsu biyu ta sa mini a tafin hannu, ta ce a hankali, “Ga ta, Yaya. Sun cika?” Na ce sun cika.

Na binne su a gindin kututturen Mama. Yau kwana biyu ke nan, Dzarma ya kira sau ɗaya yana tambayar ko lemon zai sake toho, na ce zai yi. Daga muryarsa na gane Praise ba ta faɗa masa ba, kuma jiya a coci ta matsa mini wuri a benci kamar yadda ta saba. Na fi son ta zage ni. Kada ki ɗauka na huce, Jannatu. Ban yafe masa ba, kuma in kin zo taro kada ki haɗa mu a ɗaki da fasto ki ce a yi addu'ar sulhu, zan tashi in fita a gaban kowa. Shi ya fara, ya san abin da yake yi, har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Na so ya ji zafin da na ji, kuma ya ji kaɗan. Sai dai lemonsa zai yi sabon ganye kafin Kirsimeti. Goma sha huɗu ya kashe mini. Talatin da ɗayan da suka tsira daga hannunsa, waɗanda su kaɗai suka rage a unguwar nan, ni na ɗauke su da ƙafata na kai masa, na kuma ƙara musu kwana biyu don in ji daɗi. Shi nake so in tsana shi kaɗai, abin ya ƙi.

Ki gaishe mini da Jona da kyau, ki ce ina yi masa addu'a. Ki gaishe da Zion da Prince, ki ce wa Prince na ga hotonsa, ya aske wannan sumar kafin ya zo gaban dangi. Ki gaida Anti Agnes in kin je wajenta. Kawu Pindar yana gaishe ku, haka Ya Bintu da Ba Umara, ta ce kada ki manta mata da busasshen kifin nan naku na kudu, wai tana so ta gwada shi da namu na Baga. Praise tana gaishe ki. Dzarma ma da ya ji Salomi za ta zo ya ce in na rubuta in saka gaisuwarsa, ga ta na saka. Ubangiji ya kawo ku lafiya, ya tsare hanya.

Taki har kullum,
Yayarki Phebe.